Ɗan tsako mai naɗaɗɗun yatsu: takalmin kwali da gyaran abinci na iya ceto shi

A wannan mako filinmu ya leƙa akurki ne. Duk wanda ya taɓa jiran kwana 21 domin ƙwai ya fashe ya san farin cikin ranar ƙyanƙyasa, ya kuma san ɓacin ran da ke biyo baya idan aka ɗaga kaza, ko aka buɗe injin ƙyanƙyasa, aka tarar da wasu ƴan tsaki ba su iya tsayuwa. Wani yatsunsa sun karkace gefe guda, wani sun dunƙule kamar hannun ɗan dambe, yana ta jan jiki a kan gwiwa alhali ƴan'uwansa suna can suna tsattsagar tsaki. Abin da aka saba yi shi ne a ce wannan ba mai rayuwa ba ne, a bar shi a gefe har yunwa da tattakewa su gama da shi. To, gaskiyar magana ita ce da yawa daga cikin irin waɗannan ƴan tsaki suna warkewa, in dai an gane abin da ke damunsu, an kuma sa hannu cikin kwanaki biyu ko uku na farko.

Maganar ba ƙarama ba ce ga mutanen jahar Maraɗi. A ƙauyukan Tibirin Gobir da na Jiratawa kaza ita ce asusun mace: da ita ake sayen magani, da ita ake zubin adashe, da ita ake karɓar baƙo. A cikin birni kuwa, daga Zariya zuwa Ali Ɗan Sofo, matasa da ma'aikata da ƴan fansho sun rungumi kiwon kaji a bayan gida, wasu suna sayo ƴan tsakin kwana ɗaya da ake shigowa da su daga Nijeriya ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa, wasu kuma sun sayi ƙananan injuna suna ƙyanƙyasa da kansu. Rufe iyakar da Nijeriya ta yi daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sun nuna wa kowa amfanin ƙyanƙyasa a gida. Amma fa wanda ya zama mai ƙyanƙyasa, shi ne kuma zai zama ungozoma da maɗori.

Ciwo biyu ne, ba ɗaya ba

Abu na farko da mai kiwo zai yi shi ne ya ajiye ɗan tsakon a kan buhu ya dube shi da kyau, domin abin da ake kira naɗewar yatsu iri biyu ne, kuma maganinsu ya bambanta.

Na farko shi ne karkacewa. A nan yatsa ɗaya ko biyu sun lanƙwashe zuwa gefe, amma ɗan tsakon yana tsaye a kan tafin ƙafarsa, yana tafiya ko da da ɗan ɗingishi, yana cin abinci, idonsa garau. Sau da yawa da haka yake fitowa daga ƙwai. Wannan matsalar siffa ce: ƙashi da jijiyar da ke jan yatsa sun tashi a karkace, amma ƙafar tana da ƙarfinta.

Na biyu shi ne dunƙulewa. Yatsun duka sun naɗe zuwa ciki, ƙarƙashin ƙafa, galibi a ƙafafu biyun, ɗan tsakon ba ya son tashi, in an tilasta masa sai ya yi tafiya a kan gwiwa yana dafawa da fukafukai. Wannan shanyewa ce, kuma asalinta ƙarancin wani sinadarin abinci da ake kira bitamin B2, ko ribofilabin. Idan uwar da ta yi ƙwan ce ba ta samu isasshe ba, za a ga alamar tun ranar ƙyanƙyasa. Idan kuwa abincin ƴan tsakin ne ya gaza, sai su fito lafiya lau, amma wajen kwana 10 zuwa 14 a fara ganin suna durƙushewa ɗaya bayan ɗaya.

Bambancewar tana da muhimmanci, saboda takalmin da za mu yi bayaninsa yana miƙar da yatsan da ya karkace, amma shi kaɗai ba ya warkar da shanyewa. Haka kuma bitamin ba ya miƙar da ƙashin da ya tashi a lanƙwashe. Idan mutum ya kasa tantancewa, babu laifi ya haɗa biyun, domin bitamin B2 ba ya taruwa a jiki ya yi illa, abin da ya yi saura fita yake yi tare da kashi.

Abin da masana suka gano

Tun farkon shekarun 1930 masu bincike a Jami'ar Cornell ta Amurka suka lura cewa akwai wata shanyewar ƙafa da ke kama ƴan tsakin da aka tsare ana ba su hatsi, kuma madara tana hana ta. A 1935 masana biyu, Richard Kuhn a Jamus da Paul Karrer a Suwizalan, suka iya harhaɗa wannan sinadari mai launin rawaya a ɗakin gwaji. A 1938 kuma aka bayyana a Jami'ar Wisconsin abin da ke faruwa a cikin jikin ɗan tsakon: babbar jijiyar da ke saukowa daga ƙugu zuwa ƙafa, wadda ke kai wa yatsu saƙon motsi, ita ce take kumbura, rigar da ke lulluɓe da ita ta lalace. A ɗan tsakon da ciwon ya ci ƙarfinsa, kaurin jijiyar kan ninka na lafiyayye sau huɗu ko biyar. Misalinta kamar wayar kuran ce da robarta ta zagwanye: wutar ba ta isa inda aka nufa. In an ba da bitamin da wuri rigar tana gyaruwa, ɗan tsakon ya miƙe cikin ƴan kwanaki. In an daɗe kuwa, lalacewar ta zauna ke nan.

Adadin da ake bukata kaɗan ne ƙwarai. Ƙididdigar da majalisar bincike ta Amurka ta fitar a 1994 ta sa miligiram 3.6 a cikin kowane kilo na abincin ƴan tsaki. Sai dai masara da dawa da gero ba su cika wuce miligiram 1 zuwa 2 a kilo ba. Ashe ke nan wanda ya tsare ƴan tsaki yana ba su tsakin dawa zalla, cikinsu ya cika amma jijiyarsu tana jin yunwa.

A nan ne za a gane dalilin da ya sa kazar ƙauye mai yawo ba ta cika haihuwar irin waɗannan ƴaƴa da damana ba. Tana tsintar ɗanyar ciyawa da ƙwari da gara da fara, duka kuwa suna ɗauke da sinadarin. Haɗarin ya fi yawa a wuri biyu: da rani, lokacin da ƙasa ta bushe ƙurmus, da kuma cikin birni inda ake kulle kaji a keji, ba su ganin komi sai dusa da ragowar tuwo. Kazar da ake son a ƙyanƙyashe ƙwanta ta fi mai ƙwan ci bukatar wannan bitamin, domin abin da ta zuba a cikin ƙwai shi ne guzurin ɗan tsako na kwana 21. Idan ya gaza, ƙwai da yawa sukan mutu a cikin ɓawo, waɗanda suka fito kuma a kan ga gashinsu bai buɗe ba, ya yi ƙulli-ƙulli a wuya da kewayen dubura. Mai kiwon da ya ga wannan alama tare da naɗaɗɗun yatsu, to ya koma ga kwanon iyaye, can matsalar take.

Injin ƙyanƙyasa da yanayin Maraɗi

Ita kuwa karkacewa, mafi yawanta daga ƙyanƙyasa take. Ƙwan kaza yana son zafi tsayayye, digiri 37.5 zuwa 37.8 a injin da ke da fanka, da danshi na kashi 50 zuwa 55 bisa ɗari a kwanaki 18 na farko, sannan a ƙara shi zuwa 65 ko 70 a kwanaki ukun ƙarshe. Ana juya ƙwai aƙalla sau uku a yini har zuwa rana ta 18, daga nan a bar shi ya huta. Duk abin da ya kauce wa wannan ƙa'ida yana iya fitowa a ƙafar ɗan tsako.

Yanayinmu kuwa yana gwada mai inji ta fuska uku. Da bazara, a watannin Afrilu da Mayu, zafin Maraɗi yakan wuce digiri 40 a inuwa, ɗakin kwano kuma ya fi haka. Injin ƙyanƙyasa ɗumamawa ya iya, bai iya sanyayawa ba, saboda haka in ɗakin ya fi abin da ƙwai ke so zafi, ƙwan yana gasuwa ne a hankali ko da ma'aunin injin an saita shi daidai. Ƴan tsakin irin wannan zubi sukan fito kafin lokaci, ƙanana, da raunin ƙafa. Da hunturu kuma iska takan bushe ƙwarai, fatar da ke cikin ɓawo ta ƙafe ta manne wa ɗan tsako, ya kwana yana fama bai fito ba, ƙafafunsa a takure. Na uku shi ne ɗaukewar wuta. Maraɗi ta daɗe tana samun kuran daga Nijeriya ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa, kuma kowa ya tuna yadda aka sha duhu sa'ad da aka yanke shi a watan Agusta na 2023. Injin da ke hucewa yana sake ɗaukar zafi sau da yawa a yini ba zai ba da ƴan tsaki masu miƙaƙƙun yatsu ba.

Maganin waɗannan a bayyane yake. A sa inji a ɗakin ƙasa mai sanyi da iska, nesa da taga. Wanda ba shi da irin wannan ɗaki gara ya dakata da zubi a tsakiyar bazara. A sayi ma'aunin zafi na biyu, irin na asibiti ma ya isa, a riƙa gwada na injin da shi. Kada kwanon ruwan da ke ciki ya bushe, da hunturu ma a ƙara masa tsumma mai tsabta domin danshi ya yawaita. A tanadi batir ko faifan hasken rana, in kuwa wuta ta ɗauke babu madadi, a rufe injin da bargo, a daina buɗe shi. Ƙwan da za a zuba kada ya wuce kwana 7 da yi, a ajiye shi a wuri mafi sanyi a gidan, kamar gindin randa.

Akwai kuma gado. Gidan da zakara ɗaya ya shekara uku yana hawan ƴaƴansa da jikokinsa, duk wani aibi da ke cikin jinin sai ya fito. Tashoshin kiwon kaji da gwamnati ta kafa a Maraɗi da Miriya da Gudel tun farko domin sabunta iri aka yi su, kuma dabarar tana nan ga kowa a sauƙaƙe: a riƙa musayar zakara da wani gida mai nisa, ko a sayo sabo a kasuwar Litinin ko ta Juma'a, a keɓe shi mako biyu kafin a haɗa shi da sauran.

Yadda ake ɗinka takalmin

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙashin ɗan tsako a kwanakin farko taushi gare shi kamar guringuntsi, yana bin duk siffar da aka ɗora shi a kai. Bayan mako guda kuwa ya fara ƙwari, gyara sai ya yi wuya.

Amma kada a yi gaggawa tun yana jiƙe. A bar shi ya bushe, ya huta wasu awoyi a wuri mai ɗumi, domin da yawa yatsunsu kan miƙe da kansu da zarar sun fara taka ƙasa. Babu fargabar yunwa a wannan lokaci, saboda gwaiduwar da ya haɗiye kafin fitowa tana riƙe shi kwana biyu zuwa uku. In an kai washegari yatsun ba su miƙe ba, to aiki ya samu.

Kayan aikin duka suna cikin gida ko a farmasi mafi kusa: ɗan kwali marar kauri, irin na sukari ko na shayi, da almakashi, da filastar ɗaure ciwo, wadda masu farmasi ke kira sparadrap. Ta takarda ko ta yadi ta fi, domin ba ta cin fata. A guji salatif mai ƙarfin danƙo da zaren roba.

Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya ya wanke hannu ya riƙe ɗan tsakon a tafinsa a hankali, kada ya matse masa ƙirji, domin tsuntsu da motsin ƙirji yake numfashi. Ɗayan ya yanka kwalin daidai faɗin ƙafar, mai kusurwa uku, bai fi santimita 3 ba, ya goge kaifin gefensa. Sai a ɗora ƙafar a kai, a jera yatsu ukun gaba kamar yadda sawun kaza yake a kan rairayi: na tsakiya ya miƙe sak, na gefe su buɗe dama da hagu, ɗan ƙaramin na baya kuma a bar shi ya leƙa baya. Ana miƙar da yatsa ne da lallashi, ba da ƙarfi ba. In ya ƙi, a tsaya inda ya kai, gobe a ƙara. Daga nan a manna siraran filasta a kan kowane yatsa, a naɗe su zuwa ƙarƙashin kwalin, a bar bakin farata a waje domin a riƙa ganin launinsu. A ƙarƙashin takalmin ma a manna filasta guda don kada ya yi santsi. Ga ƴaƴan zabi da ƴan tsaki ƙanana ƙwarai, ana iya barin kwalin, a sa yatsun tsakanin filasta biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, a datse abin da ya yi saura.

Da farko ɗan tsakon zai yi ta faɗuwa yana ɗaga ƙafa, amma kafin yini ya ƙare yakan saba. A keɓe shi a kwali tare da ɗan'uwa ɗaya mai sanyin hali, domin in an bar shi cikin taro sauran za su yi ta saran filastar, in kuma an bar shi shi kaɗai kuka zai hana shi ci. A matso masa da abinci, ruwan shansa kuma ya kasance a faranti marar zurfi da ƴan tsakuwa a ciki, gudun kada ya faɗa ya kasa fita. Ɗumin wurin a makon farko digiri 32 zuwa 35 ne.

A duba ƙafar safe da yamma. In yatsa ya yi baƙi, ko ya kumbura, ko ya yi sanyi, ɗaurin ya yi tsauri, a kwance nan take. In takalmin ya jiƙe ko ya ɓaci da kashi, a canza. Bayan kwana biyu zuwa uku a cire, ana shafa ɗan man gyaɗa domin danƙon ya saki ba tare da ya ɗaye fata ba. In yatsun sun tsaya, shi ke nan. In sun koma, a yanka sabon takalmi mai ɗan girma, domin ƙafar tana ƙaruwa kullum, a sake kwana biyu ko uku. Abin da bai gyaru cikin mako guda ba, da wuya ya gyaru.

Gyaran kwano

Ga wanda yatsunsa suka dunƙule, tare da takalmin sai a nemi garin bitamin na kaji a wurin likitan dabbobi ko kantin maganin bisashe, a tabbata akwai B2 a jikin takardar, a bi awon da aka rubuta. Wanda ba ya iya zuwa wurin ruwa a ɗiga masa a gefen baki, kada a ɗura masa. A lura da abu ɗaya: hasken rana yana kashe wannan bitamin. Ruwan da aka dama aka ajiye a tsakar gida a rana, kafin azahar ya zama ruwa mai launi kawai. A dama sabo kullum, a sa a inuwa. Haka nan garin da ya daɗe a kan tebur a rana, ko wanda kwanan watansa ya wuce, asarar kuɗi ne.

Kafin a kai ga kanti, gida ma yana da abin taimako. Dafaffen ƙwai da aka marmasa, da ɗan nono mai tsami a cikin kwano mai tsabta wanda za a ɗauke bayan ɗan lokaci, da yankakken ɗanyen ganye, duka suna da wannan sinadari. Mutanen Jiratawa a nan sun fi kowa sa'a. Filin noman rani da aka shimfiɗa musu a farkon shekarun 1980, mai kimanin hekta 500, ya sa zogale ba ya yankewa a garin rani da damana. Ragowar ganyen da ake tsincewa kafin a kai kasuwa, in an shanya shi a inuwa aka daka aka barbaɗa kaɗan a cikin dusa, abinci ne mai kyau ga kajin da ake jiran ƙwansu. Tunkuzar gyaɗa ma ta fi hatsi wannan bitamin, sai dai a tabbata ba ta da gishiri, ba ta kuma yi fumfuna ba, domin gubar fumfunar gyaɗa tana kashe ƴan tsaki. Iyayen da aka gyara wa abinci, cikin mako ɗaya zuwa biyu ƙwansu yakan dawo daidai.

Abin da bai kamata a yi ba shi ne a fasa kafso mai ja da rawaya, irin wanda ƴan talla ke yawo da shi, a zuba a ruwa. Wannan maganin ƙwayoyin cuta ne, naɗewar yatsu kuwa babu ƙwayar cuta a cikinta.

Shimfiɗa, da sauran ciwon ƙafa

Ƙasan da ɗan tsako ya fara takawa yana da nasa rabo. Takardar jarida da leda da buhun siminti da tiren roba duka santsi gare su, ƙafa ba ta samun abin kamawa, sai yatsu su karkace ko ƙafafu su baje dama da hagu. Buhun algarara ko tsohon zane a kwanakin farko, daga baya ɗiddigar katako ko ƙaiƙayi busasshe, sun wadatar. Wanda ƙafafunsa suka baje, ana haɗa su da ɗan zare mai laushi ko filasta a sama da yatsu, a bar tazara daidai tsayuwar lafiyayye, kwana uku ko huɗu. Ƴaƴan zabi, waɗanda ake sa wa kaza ƙwansu da damana su fito bayan kwana 26 zuwa 28, sun fi ƴan tsaki saurin samun wannan matsala.

Sannan ba kowace gurguntaka ce ta bitamin B2 ba. In baki da ƙashi sun yi laushi suna lanƙwasuwa, ƙarancin sinadarin ƙashi ne da rashin shan hantsi. In gwiwa ta kumbura ƙafa ta juya waje, jijiyar gwiwa ce ta zame. In kazar da ta yi watanni ta kwanta ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, ana zaton cutar Marek. In kuwa kaji suna murɗe wuya, suna zawo kore, suna mutuwa da yawa a lokaci guda, wannan annoba ce, ba aikin takalmi ba ne: a hanzarta sanar da ma'aikatar kiwo, kada a kai ko ɗaya kasuwa. Mutanen yankin Madarunfa ba su manta da murar tsuntsaye ta 2006 ba.

Daga ƙarshe, ɗan tsakon da yatsansa ɗaya ya tsaya a karkace amma yana ci yana tafiya, a bar shi ya girma, namansa da ƙwansa lafiyarsu lau, sai dai kada a ajiye shi a matsayin iri. Wanda kuwa aka yi wa duk abin da ya kamata, mako ya cika bai iya kai kansa ga abinci ba, tausayi shi ne a hutar da shi, kada a bar shi yana wahala. In matsalar ta shafi ɗaya ko biyu cikin zubi, a ɗinka takalmi. In ta shafi da yawa, a ɗauki biyu ko uku daga cikinsu, tare da ɗan abincin da ake ba iyayen, a kai wa likitan dabbobi ya duba kafin a sake zuba wani ƙwai.